Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu ƙera wasannin tuƙin jiragen yaƙi: ina jiragen 1930 suka shiga?

Zuwa ga shugabanni, injiniyoyi da masu zane na kamfanonin da ke ƙera wasannin kwamfuta na tuƙin jiragen yaƙi a intanet,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, ku da ma'aikatanku baki ɗaya.

Na rubuto ne a madadin wasu 'yan tsirarun matuƙan kan tebur, mu goma sha wani abu, da muke haɗuwa daren Juma'a da na Asabar mu tashi tare. Yawancinmu muna Kano da Kaduna, mutum biyu suna Damagaram, ɗaya yana karatu a waje. A cikinmu akwai malamin makaranta, akwai mai gyaran waya, akwai ma'aikacin jinya. Babu wanda ya taɓa tuƙa jirgi na gaskiya. Mun san a lissafin cinikinku ba mu taka kara mun karya ba. Amma duk jirgin da ke rumbunmu da guminmu muka saya, kuma a nan sai mutum ya yi tanadin watanni kafin ya mallaki sandar tuƙi mai ɗan dama. Wanda ya biya haka yana da bakin magana.

Ba za mu hana ku yabonku ba. Tun daga wasan Rise of Flight da ya fito a 2009 har zuwa Flying Circus, an yi wa jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya gata. Na Yaƙin Duniya na Biyu kuwa ba a magana, an ƙera su har ƙusa. Kukanmu na farko a kan abin da ke tsakani ne. Duk lokacin da kuka fitar da jerin abin da ke tafe, sai mu yi ta dubawa da ɗoki, mu tarar da wani sabon samfurin Bf 109 na Jamus, ko wata Spitfire ta Ingila da aka sauya wa fiffike, ko jirgin zamani mai na'urori ɗari. Shekara ashirin da ɗoriya, daga 1918 zuwa 1939, an tsallake su kamar ba a tashi jirgi a cikinsu ba.

Ga abin da wannan tsallake yake ɓoyewa. A ƙarshen 1918 jirgin yaƙi katako ne da ƙyalle da wayoyin ɗauri, yana gudun da bai wuce kilomita 200 da 'yan kai a awa ba. A 1939 ƙarfe ne, mai fiffike ɗaya, mai murfin gilashi, yana wuce kilomita 550. Wanda ya tashi daga Fokker D.VII ya faɗa cikin Bf 109 a wasanninku zai zaci dare ɗaya aka yi wannan sauyi. Alhali an yi shi ne da kaɗan-kaɗan, da gardama, da kurakurai masu cin rai. Hawker Fury ta shiga aikin sojan saman Ingila a 1931, ita ce ta farko a cikin jiragen yaƙinsu da ta wuce mil 200 a awa a miƙe. Boeing P-26 ta Amurka ta tashi a 1932: jikin ƙarfe, fiffike ɗaya, amma har lokacin da wayoyi aka ɗaure fiffiken, tayoyi a waje, kan matuƙi a fili. An ƙara mata tsawon matokarin kai ne bayan wata ta kifa a wajen sauka ta kashe matuƙinta. A ƙarshen 1933 Polikarpov I-16 ta Tarayyar Sobiyet ta tashi da tayoyin da ake naɗewa ciki, amma da hannu ake naɗe su, juyi 44 na hannun ƙarfe, matuƙi yana murzawa da hannu ɗaya yana riƙe sanda da ɗaya, jirgin yana ta lilo a sama.

Kuma ba zaman bariki waɗannan jirage suka yi ba. A yaƙin Chaco tsakanin Bolibiya da Faragwai, 1932 zuwa 1935, Curtiss Hawk da Potez 25 sun yi arangama a kan daji. A Sin, daga Agustan 1937, Curtiss Hawk III ta kara da jiragen Japan, sannan Mitsubishi A5M ta bayyana a kan Nanjing ta sauya lissafi. A Khalkhin Gol, kan iyakar Mongoliya, a 1939, I-16 da I-153 na Sobiyet sun gwabza da Nakajima Ki-27 ta Japan cikin gungu-gungu. A Satumban wannan shekara matuƙan Folan suka tari sojan saman Jamus da PZL P.11, jirgi mai buɗaɗɗen mazauni wanda akasarin masu kai musu hari suka fi shi gudu.

Babbar makarantar kuwa ita ce yaƙin basasar Sifaniya, 1936 zuwa 1939, kuma a nan nake so ku tsaya ku duba da kyau. A Nuwamban 1936, a kan Madrid, I-15 da 'yan Jamhuriya, wato ɓangaren gwamnatin Sifaniya, suke kira Chato da I-16 da suke kira Mosca suka haɗu da Fiat CR.32 ta Italiya da Heinkel He 51 ta Jamus. Kowanne da halinsa. Chato tana juyawa a wuri ƙanƙane, tana da bindigogi huɗu. Mosca tana da gudu amma ba ta yafe kuskure. CR.32 tana da ƙarfin jiki, ta iya sulmiyowa daga sama, bindigoginta masu kauri ne. He 51 ta ji jiki har aka janye ta daga faɗan sama aka mayar da ita kai hari ƙasa, inda shahararren matuƙin Jamus Adolf Galland ya yi aiki da ita. A can ne kuma wani matuƙin Jamus, Werner Mölders, da abokansa suka gyara tsarin tashi bibbiyu da hurhuɗu wanda daga baya kowa ya kwaikwaya. Abin dariya da takaici, Italiya ta kalli nasarar CR.32 ta yanke cewa mai fiffike hawa biyu yana da sauran kwana, ta ƙera CR.42, Sobiyet ma ta yi irin wannan lissafi ta fito da I-153. Gardamar nan ta juyi ko gudu, wanne ya fi, ita ce muke yi kullum a zaurenmu bayan an sauka. Fagen da aka fara yin ta da jini shi ne ba ku ba mu ba.

Kuka na biyu: inda aka saka 'yan kaɗan daga cikin jiragen, an saka su ne ba tare da tsararsu ba. A wasu wasannin matakala ce kawai, sabon shiga ya taka awa biyu ya wuce, ba wanda ya damu ko an ƙera su da kyau. A wasu kuma an ƙera jirgi ɗaya tilo da kyau, an sayar mana, sannan aka sake shi a sararin da babu sa'ansa. Ni da kaina na sayi I-16 a ɗaya daga cikin wasannin. Na kwashe mako uku ina koyon tashi da sauka, don a ƙasa jirgin nan kamar ɗan akuya yake, ka ɗan saki ƙafa ya juya ya kalli inda ya fito. Ranar da na ga na isa, na shiga fagen intanet. Na murza tayoyi, na hau sama a hankali, minti goma sha biyu ina hawa. Ban ga komai ba, ban ji komai ba, sai fiffikena na hagu ya rabu da ni. Jirgin 1944 ne ya sulmiyo daga sama da gudun da ya kusa ninka nawa, ya zuba mini harsashi ya wuce. Na sake tashi, aka maimaita. A karo na huɗu na kashe kwamfuta. Ko a dandalin dambe ba a haɗa ɗan shekara goma sha biyar da wanda ya shekara goma yana kisa, a ce wai duk hannu biyu gare su. Sakamakon a bayyane yake: wanda ya sayi irin wannan jirgi yakan ajiye shi, ku kuma ku duba alƙalumanku ku ce ba a son sa.

Kuka na uku shi ne ya fi ci mini rai. Kun ɗauki buɗaɗɗen mazauni a matsayin rufaffe wanda aka cire wa gilashi, shi ke nan. Duk wanda ya taɓa hawa babur da asubar hunturu daga Kano ya nufi Zariya ya san ba haka abin yake ba. Iska tana mari, ido yana hawaye, yatsu suna ƙagewa har ka kasa jan birki, ƙarar iska ta toshe kunne, ka ɗan leƙa gefe ta fisgi kanka. Wannan a gudun kilomita 80 ne, a ƙasa. Yanzu a ninka gudun sau huɗu, a ɗaga mutum mita dubu huɗu inda sanyi ya wuce na ƙanƙara, a sa masa inji mai ƙarfin doki ɗari bakwai a gabansa yana fesa masa hayaƙi da ɗigon baƙin mai a tabarau. A haka zai nemi abokin gaba, a haka zai yi saiti ta zobe da tsinke ko ta wani dogon bututun hange da ya ratsa ɗan gilashin gabansa. Yawancinsu babu rediyo. Jagora yana kaɗa fiffike ko ya ɗaga hannu ya nuna, na bayansa su gane. A jiragen Ingila irin su Fury da Bulldog gindin bindigogin yana kusa da matuƙi, idan ta cije da hannunsa zai gyara ta ana cikin faɗa.

Duk da wannan wahala matuƙan sun fi son a bar su a fili, kuma nan ne sirrin yake. I-16 ta farko tana da murfi mai zamewa, matuƙa suka riƙa barin sa a buɗe, daga baya aka daina saka shi. Japan ta gwada murfi a wani samfurin A5M, matuƙa suka ƙi, aka koma buɗaɗɗe. Italiya ta yi haka da Fiat G.50 da Macchi C.200. Dalili shi ne gani. Gilashin lokacin yana dusashewa, ƙarafan murfi suna tare ido, ga tsoron ya maƙale a ranar da ake son fita da lema. Wato ciniki ne: ka sha sanyi da iska, ka samu ido. A wasanninku an ba mu idon kyauta, ba a karɓi komai ba. Kai yana juyawa sumul kamar a falo, sauti bai sauya ko ka leƙa waje, ba hayaƙi, ba mai, ba gajiya. An cire wa jirgin abin da ya sa ya zama shi.

Kuka na huɗu ya shafi irinmu kai tsaye. Kwanakin baya ɗan yayata, yaro ɗan aji uku a ƙaramar sakandare, ya zauna kusa da ni ina cikin wani jirgin zamani. Ya kalli maɓallai ya ce, "Kawu, wannan ai sai wanda ya yi digiri." Na sauya masa zuwa wani tsohon mai fiffike hawa biyu. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya ce, "Kawu, ina rufin?" Na ce babu. Na nuna masa abu uku: sanda, maƙurar mai, da feda. Kafin a kira la'asar ya tashi, ya zaga fili, ya sauka da tsalle uku bai karya komai ba, yana ta ihu har uwarsa ta leƙo. Jirgin da ba shi da na'urar hangen nesa, ba shi da makami mai linzami, yana gudu a hankali har ka ga abin da kake yi, shi ne ƙofar da sabon shiga zai bi. Kuna kukan masu wasa suna tsufa, sababbi ba sa zama, ga ƙofa kun bar ta a garƙame.

Akwai kuma batun intanet. Sabobin da muke shiga, wato manyan kwamfutocin da ke haɗa masu wasa a intanet, kusan duk a Turai suke, kuma a daren da netiwok ya yi kirki jinkirin da nake gani yana kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Lissafin ba wuya: jirgi mai gudun kilomita 900 a awa yana cin mita 250 a daƙiƙa, wato a wannan ɗan jinkiri ya matsa mita 50 daga inda nake ganin sa. Mai gudun kilomita 300 ya matsa ƙasa da mita 17. Ba a ce jinkirin ya tafi ba, amma ana iya zama da shi. Ga shi faɗan irin waɗannan jirage a kusa ake yi, filayen tashi ba su da nisa da juna. Ga wanda yake wasa da kunne ɗaya a kan ƙarar inbata, yana tsoron a ɗauke wuta batir ya mutu, tashin minti ashirin da ake gamawa ya fi na awa ɗaya da rabi da ake yankewa a tsakiya.

Na san amsoshin da aka saba bayarwa. Ana cewa ba za su sayu ba. Ta ina aka sani, tunda ba a taɓa fitar da su da taswirarsu da abokan karawarsu a gwada ba? An kai akuya kasuwar raƙuma, an dawo ana cewa akuya ba ta da farin jini. Ana kuma cewa babu bayanai. A kan wasu gaskiya ne: babu He 51 ta asali da ta rage, A5M ma ba a da cikakkiya, sai an dogara da takardu. Amma P-26 tana nan a gidan tarihi na Planes of Fame a Kalifoniya. An farfaɗo da Hawker Fury a Ingila ta sake tashi. CR.32 tana gidan tarihin sojan saman Italiya a Vigna di Valle, CR.42 tana na sojan saman Ingila a Landan, P.11c tana Krakow. A shekarun 1990 an sake gina I-16 guda shida da I-153 guda uku aka kai su Wanaka a Niyuzilan suka tashi a gaban jama'a, kuma akwai matuƙan da suka tuƙa su da za a iya tambaya. Kun ƙera jiragen da bayanansu ba su kai haka ba.

Mu ma muna da ɗan rabo a wannan zamani, shi ya sa abin yake taɓa mu. Jiragen farko da suka sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, buɗaɗɗun mazauni gare su: DH.9A guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Helwan ta Masar ƙarƙashin Arthur Coningham. Ba na faɗan sama ba ne, masu ɗaukar mutum biyu ne, amma irin jirgin da kakanninmu suka fara ɗaga kai suka gani ke nan. Sannan a 1940 da 1941, a gabashin Afirka, jiragen da Turai ta fara yi wa kallon tsofaffi su ne suka yi faɗan: CR.32 da CR.42 a hannun Italiya, Fury a hannun sojan saman Afirka ta Kudu, Gladiator da Gauntlet ta ɓangaren Sudan. An gwabza a kan Gallabat, a iyakar Sudan da Habasha, a Nuwamban 1940, an gwabza a kan Keren ta Eritiriya. Matuƙin Italiya Mario Visintini ya yi sunansa a CR.42 a Eritiriya. A ƙarƙashin wannan sarari sojojin Najeriya suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 suka nausa har Harar, kuma Hausa ce harshen barikinsu. Da wuya ka samu wannan fage a wani wasa.

To ga roƙonmu. Ku zaɓi fage ɗaya ku yi shi cikakke, kada ku ɗiga mana jirgi ɗaya yau, wani bayan shekara uku. Mu Sifaniya muka zaɓa: taswira ɗaya da ta ɗauki Madrid da kewayenta za ta ƙunshi Jarama, Guadalajara da Brunete, manyan yaƙe-yaƙe uku na 1937. Jirage huɗu na tuƙawa sun isa farawa, I-15, I-16, CR.32 da He 51, tare da masu jefa bom da kwamfuta za ta tuƙa, kamar Ju 52 da Tupolev SB, wadda ta fi CR.32 da He 51 gudu kuma wannan kaɗai darasi ne. Idan gina birane ya yi tsada, Khalkhin Gol fili ne fetal, ciyawa da kogi. Gabashin Afirka kuma muna fata ya biyo baya.

Ku ba masu buɗe sabobi damar kulle fage da shekara, ta yadda jirgin 1937 zai haɗu da na 1937, kuma ku buɗe aƙalla saba ɗaya taku ta irin wannan don mutane su san inda za su taru.

Ku yi wa buɗaɗɗen mazauni aikinsa: sauti ya sauya idan kai ya fita daga bayan gilashi, iska ta girgiza gani, mai ya ɓata tabarau a goge, bindiga ta cije a gyara, tayoyin I-16 su ci juyinsu 44. Ku saka alamun hannu da matuƙi zai yi wa na kusa da shi, da zaɓin fage marar rediyo. Wanda ba ya so ya kashe su a saituna.

Ku saka jirgi ɗaya na wannan zamani kyauta don koyo, ku bari a sauke taswirar da ake buƙata kaɗai maimakon a tilasta wa mutum sauke komai da data mai tsada, kuma ku duba farashi ga ƙasashen da kuɗinsu ya faɗi.

Na ƙarshe, idan kun zo rubuta bayanan tarihi a cikin wasan, ku faɗi gaskiya. Rundunar Condor ta Jamus da ta yi aiki da He 51 a Sifaniya ita ce ta yi wa garin Guernica ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilu 1937, tare da jiragen Italiya. Sojan saman da ya yi alfahari da CR.32 shi ne ya zuba wa mutanen Habasha iskar guba a 1935 da 1936. Muna son jiragen, muna sha'awar aikin injiniyoyin da suka ƙera su, amma ɗan yayata zai karanta abin da kuka rubuta, kuma ba na so ya tashi yana zaton wasan tsere aka yi a can.

Idan kuna neman masu gwaji a kan intanet mai rauni da kwamfutoci masu matsakaicin ƙarfi, mu goma sha ɗin nan a shirye muke, kuma za mu rubuto muku rahoto dalla-dalla ba tare da an biya mu ba. Muna tashi daren Juma'a da na Asabar, daga ƙarfe tara agogon Najeriya, idan akwai wuta.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani matuƙin kan tebur, a madadin abokan tashinsa,
Kano.